Turmin da Ya Yi Shiru a Bayan Katanga

Kai da kake tambaya ko dole ne Kirista ya gaida wanda ya zaɓi abokin hamayyar ɗan takararsa, zauna ka ji labarin wata mai sayar da daddawa a ƙauyenmu. Shekara ashirin tana katanga ɗaya da wata gwauruwa. Majami'arsu ɗaya, layinsu ɗaya a zumuntar mata, har aka buga gangar siyasa, kowacce ta ɗaura zanen jam'iyyarta. Daga habaici a bakin rijiya aka kai ga daina gaisuwa, ran Lahadi ma kowacce ta nemi bencinta. Da aka ƙidaya ƙuri'u, ɗan takarar mai daddawa ya ci, ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Bayan kwana biyu sai ta lura da wani abu: turmin gwauruwar, wanda kullum da hantsi yake amsa wa nata, ya yi tsit. Da fari ta ce baƙin cikin faɗuwa ne. Amma wane irin baƙin ciki ne yake hana mutum dakan tuwonsa? Ta kasa kunne, ba motsi. Ta duba sama, ba hayaƙi a madafa. Kajin gidan kuwa sai tsallakowa suke yi suna tsattsage mata dusa. Abin ya tsaya mata a rai. Tana cikin tankaɗe ta tuna Yesu ya ce a ƙaunaci maƙwabci, ta juya maganar ta ko'ina, ba ta ga inda ya ce a fara duba launin zanensa ba.

Rana ta huɗu ta yafa mayafi ta zagaya ta ƙofa. Ta tarar da matar zaune a kan tabarma, hannun dama ya kumbura suntum, ga kwanon garin rogo da ta jiƙa da ruwa. Santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. "Haba Maman Istifanus, me ya hana ki kira ni?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ɗauka za ki ce Allah ne ya kama ni." Mai daddawa ta fita nan take. Ta nemo mai ɗori, ta hura wuta, ta kaɗa miyar kuka. Suna cin tuwo ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba duk tsawon yaƙin neman zaɓe: me gwauruwar ta gani a jikin ɗan takarar da ta zaɓa? Gwauruwar ta ce shi kaɗai ya ambaci gada a kan rafin da ya cinye mijinta da damina, yana dawowa daga gona. Mai daddawa ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta je jana'izar nan, ta yi kuka a wurin, amma ba ta taɓa haɗa ƙuri'ar da kabarin ba. Har yau ba jam'iyyarsu ɗaya ba, in an taɓo zancen sai sun yi musu. Sai dai yanzu tare suke zuwa wurin kansila, kowacce da zanenta, suna tambayarsa yaushe za a fara aikin gada. Da mai daddawa ta tsaya jiran labari ta saman katanga, da ba ta san komai ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, zumunta a ƙafa take.