Tatsuniyar da Kafinta Bai Ƙarasa Ba

Kullum da safe, kafin motar makaranta ta iso, Kafinta yakan durƙusa a bakin ƙofa yana ɗaura wa 'yarsa igiyar takalmi yana yi mata tatsuniya. Shekararta biyar, 'Yar Baba ake ce mata. Tatsuniya ɗaya take so, ta zomon da ya shanye zumar zaki, ya lallaɓa ya shafa ragowar a bakin kura tana barci. Mutumin naku ya iya labari, har minsharin kura yake kwaikwayo. Da an zo wurin da zaki ya damƙe kura, sai su tuntsire da dariya, ya ce, "Kin ga mai wayo ko?" Daidai nan direba zai danna hon, shi ke nan an tashi.

Ƙarshen labarin, inda ƙudan zuma suka bi zomo suka tona masa asiri, bai taɓa kaiwa can ba. Yayarsa, wadda ta raine shi tun yana tsumman goyo, tana zaune a gidansa tun rasuwar mijinta. Ta sha gaya masa cewa ba a barin tatsuniya a rabi. Shi kuwa ya ce Yaya ta cika ɗaukar abu da zafi, wasan yara ne kawai.

Ana nan sai madarar jaririnsu ta fara ƙarewa ba gaira ba dalili. Gwangwanin da ke yin mako biyu, kwana biyar ya ga bayansa. Matarsa ta rantse cokali uku take ɗiba kamar kullum. Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya ja ɗan layi a cikin gwangwanin daidai inda madarar ta tsaya. Washegari ya duba, ta sauka da faɗin yatsa biyu.

Daga ranar zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Wa ke wuni a gida? Yaya. Wa ke son shayi kamar ranta? Yaya. In ya ji ƙarar cokali a kofi, sai ya ƙirƙiro dalilin wucewa ta gabanta don ya leƙa launin shayin. In ta yi shiru, ya ce rashin gaskiya ne. In ta yi fara'a, ya ce rufa-rufa ce. Ya ji kunyar tunanin nasa, amma bai daina ba.

Ranar wata Asabar ya dawo daga shago da rana ɗaukar zarto. Yaya na barci a kan tabarma a falo. 'Yar Baba ta ja masa riga, ta nuna da yatsa, ta ce, "Baba, dubi bakin Gwaggo." Ga farin gari a gefen leɓenta, har a kan mayafinta.

Ko tsayawa tunani bai yi ba. Ya tashe ta a gaban matarsa da wata maƙwabciya da ta shigo aron dutsen guga. Ya ce, "Haba Yaya, abincin jariri? Ai da kin tambaya da na saya miki naki."

Ta shafa bakinta, ta dubi hannunta, ta ɗago ta dube shi. Ba ta rantse ba, ba ta yi kuka ba. Kafin yamma ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta koma gidan wata 'yar'uwarsu a can ƙarshen gari, inda aka ba ta katifa a ɗakin ajiya. Maƙwabciya kuwa ba ta bar labarin ya kwana ba.

Sai dai madara ba ta daina sauka ba. Yanzu kuma matarsa ya fara yi wa kallon gefen ido. Ranar Lahadi bayan abincin rana ya miƙe a doguwar kujera, ya rufe ido kamar mai barci, ya ce yau sai ya ga ɓarawon gidan nan. Can ya ji an buɗe murfin gwangwani. Can kuma ya ji ƙananan yatsu suna shafa masa gari a leɓe, a hankali, kada ya farka.

Ya buɗe ido. 'Yar Baba ce, bakinta fal madara. Ko gezau ba ta yi ba, dariya ma ta yi.

"Baba, kai ne kura yau. Na yi wayo ko?"

Da ƙyar ya tambaye ta ko ta san abin da ya sami zomo a ƙarshe. Ta ce, "Ba abin da ya same shi. Motar makaranta ce ke zuwa."

A ranar ya je wurin Yaya, ya tsuguna a ƙofar ɗakin ajiyar, ya gaya mata komai yana hawaye, ya roƙe ta ta dawo. Ta saurare shi har ya gama.

"Yarinya na yafe mata, shekararta biyar," in ji ta. "Kai fa, shekararka nawa?"

Ba ta sake taka gidansa ba.

Iyaye, in za ku ba yaro labarin mai wayo, ku kai shi har inda wayon ya ci mai shi, domin inda kuka tsaya nan yaro yake ɗauka. Kuma kada zargi ya sa ku yanke wa na kusa da ku hukunci kafin ku bincika.