Ragowar Dusar Rago

Kin ce tarin tunkiya bai shafi akurki ba? To, ajiye tsintsiyar nan ki saurara.

An yi wata mata mai tattalin tsiya, ko ƙwayar gero ce ta faɗi sai ta sunkuya ta tsince. Tana da rago guda a turke, tana kuma da kaji, jikokin wata jar kaza da mahaifiyarta ta bar mata. Kajin nan ji take da su kamar me, ko baƙon kunya ya zo ba ta yanka masa. Da damina ta kankama sai ragon ya fara tari, majina na zuba, numfashi da ƙyar. Maƙwabcinta ya ce ta kira malamin dabbobi, ta kuma raba shi da kajin. Ta ce, "Haba, mura ce kawai! Mai ƙaho daban, mai fiffike daban." Kullum ta dama masa dusa da kanwa, sai ya tsoma baki, ya yi atishawa a ciki, ya kau da kai. Ita kuwa a zubar da dusa? Allah ya kiyaye! Sai ta juye wa kaji ragowar, har tana murna za su yi ƙiba.

Ran nan da asuba ba ta ji carar zakara ba. Ta leƙa akurki, sai ta ga kaji sun takure, baki buɗe suna haki, zankon zakara ya yi baƙi. Sai a lokacin ta ruga neman malamin dabbobi. Ya yi wa rago allura, ya dubi kwanon dusa, ya ce ƙwayar cutar da ke ƙirjin ragon ce ta bi majina ta kama su, kaji kam an makara. Rago ya warke sumul. Kajin kuwa, da hannun da ta ciyar da su ta binne su a bayan gida, ko ɗan tsako bai saura ba. Wallahi abin tausayi, har yau takan ɗebo tsaba da safe, sai ta fito tsakar gida ta tuna babu mai ci.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.