Imel ɗin da Ya Aika Kansa

Kai da kake cewa sai aiki ya taso za ka nemi dabararsa, gyara zama ka ji. An yi wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye, ƙasar da kububuwa ke laɓewa a gindin gero. Ita ke riƙe da firijin allurar saran maciji. Masu ɗakin ajiyar magani na birni kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce: duk safiya a tura musu fayil ɗin abin da ya rage ta imel kafin motarsu ta rabon magani ta tashi, wanda bai tura ba an ɗauka ba shi da buƙata. To, baiwar Allahn nan akwai iya jinya, amma mantuwa ba a magana! Ta taɓa rangaɗa musu gaisuwa har da "ga fayil nan a maƙale", alhali saƙon ya tafi hannu rabbana. Mota ta wuce su, ta yini cikin tsoro kada a kawo wanda maciji ya sara. Abin ya tsaya mata a rai. Da rani ya yi, gadaje suka zama wayam, sai ta zauna ta rubuta wa kwamfuta ɗan umarni, cewa kullum da sassafe ta ɗauki fayil ɗin ranar, ta maƙala, ta aika da kanta. Ta gwada da adireshinta, saƙo ya zo fanko. Ta gyara, ya kwaso na jiya. Ta sake gyarawa, har ya zauna daram. Wani abokin aikinta yana shan iska a gindin darbejiya yana yi mata tsiya, wai macizan ma sun tafi hutu, ita tana kokawa da na'ura. Ko kallo bai ishe ta ba.

Damina ta sauka, aka shiga gona. Wata safiya sai ga manomi an ɗauko a babur, kububuwa ta sare shi, ƙafa ta kumbura kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Kwalba ɗaya tak ta rage a firiji, ta yi masa, ta kuma san ba za ta ishe shi ba. Ina ta ga sararin zama gaban kwamfuta? Tana kansa har rana ta ɗaga. Can abokin aikin nan ya faɗo ɗakin a gigice yana salati, ya ce an manta da imel, mota kuma ta riga ta tashi, shi ke nan mutumin nan ya tafi. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Imel ya tafi da kansa tun da safe. Riƙe mini hannunsa." Kafin azahar sai ga ƙarar mota a ƙofar asibiti, da akwatin allura a baya. A kakar shekarar nan manomin da hannunsa ya yanke geronsa.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.