Aikin Cikin Ɗaki

Na ture autata daga gaban kwamfuta, na fuskanci matar da ke magana a cikinta.

"Ke ce shugabar ƙungiyar agajin? Kun ce aikin koyo ne daga ɗaki, har da albashi. Kuka cusa mata kukan matan da yaƙi ya kora a kunne, tana rubutawa, wai duniya ta ji. Yau ba ci ba barci, murfin tukunya ya faɗi sai ta kurma ihu. Lafiya lau na ba ku ita. Ku maido min 'yata!"

Matar ta yi murmushi, ta taɓa wani abu.

Na yi ta faɗa har auta ta riƙo zanena.

"Inna, bari. Tun ɗazu ta kashe muryarki, ba mai ji."