Malamin Mushe Sallau

Mushe Sallau (Mushe ake ce wa malamin boko a nan) ya juya wa ajin baya, yana kwafe lissafi a allo daga ƴar takardar da ya ɓoye a tafin hannu. Layi bakwai ne, duk ya haddace su. Amma da wani yaro zai ɗaga hannu ya tambayi yadda aka yi layi na huɗu ya haifi na biyar, wallahi sai dai a fitar da Mushe ranga-ranga.

Faransanci ya karanta, ba lissafi ba. Da malamin lissafi ya bar Gaya ya koma Dosso, sai direkte Isufu, shugaban makarantar, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Kai ne mai jini a jika, riƙe mana ƴan ajin jarrabawa.” Malamin kwantaragi ba ya cewa a'a. Ya ce to, ya karɓi ajin.

Abin da ya rufa masa asiri wata manhaja ce ta salula da aka kawo wa makarantun yankin. Ɗalibi zai shiga da sunan aro, ya bi darasi daidai ƙarfinsa, in abu ya cije masa ya ɗauki hoton aikinsa ya tura, wanda ya gane ya taimaka masa. Don yara aka yi ta. Sallau, gemai-gemai da shi, ya lallaɓa ya shiga da sunan Ɗalibi 40, kunya kamar ta kashe shi.

Wanda ya riƙe shi a can, Bakin Kogi yake kiran kansa. Kai, mutumin nan akwai haƙuri! Sallau zai tura hoton takardarsa da rubutun nan nasa mai kwanciya gefe guda, amsa ta zo bayan an tashi daga lakwal, wato makaranta, kullum sai bayan an tashi: “Saura kaɗan. Sake duba layi na uku.” Ba ya ɗura masa amsa a baki, sai ya bar shi ya yi gumi tukuna, sannan ya zana ƴar kibiya daidai inda ya kauce. Bai taɓa tambayarsa ko shi wane ne ba. Sallau ya riga ya yanke a ransa cewa wani tsohon malami ne da ya ajiye alli, ƙila ma a Malanville, tsallaken gada. Har addu'a yake masa bayan salla.

Wata biyar ana haka. Iyaye suka fara tare shi a kasuwa suna sa masa albarka. Shi kuma, babu ko tsoron Allah, ya fara karɓar yabon da hannu biyu.

Ranar Talata direkte ya leƙo ajinsa ya ce sufeto zai zo ran Alhamis, zai zauna ya kalli darasinsa, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a sabunta kwantaragi ko a ce a sauka lafiya. A ranar ne kuma Sallau ya zauna gyaran aikin gida. Tambayar da ya ba su mai wuya ce, shi kansa sai da ya kwana uku yana fama da ita a manhaja. Duk ajin sun faɗi, ban da Rahinatu, ɗiyar wani masunci, wadda ke zama can gindin taga ba ta taɓa ɗaga hannu.

Ya karanta aikinta sau biyu. Hanyar iri ɗaya ce da wadda aka koya masa, mataki bayan mataki, har da ƴar kibiyar. Ya ajiye biro. In yarinyar nan ta gano rijiyar da yake ɗiba, ai gobe duk Gaya ta ji cewa Mushe kwafa yake. Tsoron nan ya kwana a cikinsa, da safe ya tashi ya zama fushi.

Ya tsayar da ita a gaban aji.

“A ina kika kwaso wannan?”

“Ni na yi, Mushe.”

“Ke? Ke da ba a taɓa jin muryarki ba tun farkon shekara?”

Ajin ya ɗauki dariya, dariyar ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya kira ta ɓarauniyar amsa, ya zana mata sifiri ƙato da jan biro, ya ce ta miƙo wayarta. Ta fiddo ta daga jaka, tsohuwa ce, gilashin a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta waiwayi ƴan ajin, ta rufe.

A ƙarshe ta ce, a hankali, “Mushe, don Allah ka ba ni ita kafin gobe.”

“Sai babanki ya zo da ƙafarsa.”

Ya jefa wayar aljihun riga. Ta koma ta zauna, tana share hawaye da gefen hijabi.

Da aka tashi, ya rage shi kaɗai a aji, rana ta dafa kwanon rufi. Ya jawo darasin da zai yi gaban sufeto. A layi na biyu ya cije. Ya goge, ya sake, ya sake cijewa. Zufa ta karyo masa. Ya ɗauki hoton takardar, kuma karon farko cikin wata biyar ya ajiye girman kai ya rubuta gaskiya: “Malam, ka rufa mini asiri. Ni ba ɗalibi ba ne, malami ne, kuma ban iya ba. Gobe za a duba ni. In na faɗi, aikina ya tafi.” Ya rintse ido ya tura.

Waya ta girgiza a ƙirjinsa. Tasa kuwa tana hannunsa, shiru.

Ya zura hannu a aljihu ya fiddo ta Rahinatu. Ga saƙonsa nan zaune a kan tsagaggen gilashin, a samansa kuma sunan da ta sa wa mai turowa da hannunta: “Mushe Sallau, kar kowa ya sani.”