Kofi Huɗu

Kafin Corinne Vasko ta hau bene wajen shugaban ofishinsu, sai da ta buga sunan tsohuwar a kwamfuta har sau uku. Al'adar lauyoyi ce, duk sunan da ya gifta maka sai ka fara dubawa ko yana cikin jerin waɗanda ofis ke karewa ko yake ƙararsu. Dolores Kaminski, shekara tamanin da ɗaya. Babu ita a jerin. Corinne ta sauke ajiyar zuciya.

Ranar Lahadi abin ya faru, da rana tsaka. Ta taso daga liyafar wata ƙawarta mai shirin aure a nan Toledo, ta karya kwana, ta kwashe tsohuwar tana tsallaka titi. Tun ranar matar na asibiti. 'Yan sanda sun ji warin giya, amma kafin su kai Corinne inda ake hura na'urar awon giya, awa uku sun wuce, awon ya fito ƙasa da ƙa'ida da kaɗan. Duk da haka suka tuhume ta da tuƙi cikin maye. Ita kuwa ko uffan ba ta ce musu ba.

Lauyan da ta ɗauka, Benny Tarr, bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce, "Ba su da komai sai hancin ɗan sanda, hanci kuwa ba ya ɗaure mutum. Bakinki ne kaɗai zai kai ki gidan yari, ya kuma raba ki da lasisinki na lauya. Dokar ofishinku ta ce ki faɗa cikin mako guda? To, je ki ce an tuhume ki, ki ja bakinki ki yi shiru. Ko limamin cocinku ne ya tambaya, ki ba shi labarin ƙwallo."

Shekara bakwai ta yi tana karatu kafin ta sami lasisin nan, wata takwas kacal tana cin moriyarsa. Ta rantse ba za ta wuce jimla biyu ba.

Leland Pruitt, mai ofishin, tun Litinin ba a ga ƙeyarsa ba sai yau Juma'a. Bai yi aski ba, kwat ɗinsa duk ta yamutse kamar ya kwana a cikinta. Corinne ta ɗauka wata babbar shari'a ce ta sha masa kai, don shekara talatin ke nan yana tatsar shaidu a kotu bai gaji ba. Sakatariyarsa, Misis Odell, tana gefe da littafi a cinya.

Corinne ta faɗi jimlolinta biyu, ta tsaya jiran tsawa.

Tsawar ba ta zo ba. Da kansa ya tashi ya zuba mata shayi, ya baro kujerarsa ya zauna kusa da ita. "Haba 'yata, shi ne kika sha wannan wahala ke kaɗai? Wanda bai taɓa tuƙi da kofi ɗaya a cikinsa ba a garin nan, ai ba shi da mota ne. Kwanar nan ta gaban gidan burodi kuwa muguwa ce, kowa ya sani." Ya miƙa mata kofin. "Ina so in tsaya miki gaban sauran abokan aikina, amma ba zan kare abin da ban sani ba."

Kwana biyar ta yi ba ta faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarta. Wanda ya shirya wa duka, lallashi ne ke kayar da shi. Sai kawai hawaye suka ɓalle mata, baki ya bi bayansu.

Kofi huɗu ta sha, ba ɗaya ba. Ƙawarta ta nemi karɓe makullin motar, ta yi mata dariya ta fizge. Waya ce a hannunta lokacin da ta karya kwanar. Da ta ji ƙarar bugun kuma ba ta fito nan take ba, sai da ta lalubo cingam ta tauna don ta kashe warin.

"Ita tsohuwar fa, ta yi magana?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Tana ta kiran wani, ranka ya daɗe. Ban ji sunan ba. Ban matsa kusa da ita ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga nan ya sa Misis Odell ta karanto abin da ta rubuta, wai don a cika ƙa'idar ofis. Corinne, wadda ta sha gargaɗin mutane kada su sa hannu a takarda sai lauyansu na wurin, ta karɓi biro ta rattaba nata. Ta ji jikinta sakayau, har godiya ta yi masa sau biyu.

Ta miƙe za ta tafi, ya yi mata nuni da hannu ta dakata. Ya koma kujerarsa ya ɗauki waya.

"Ofishin mai gabatar da ƙara? Pruitt ne. Ku sauya tuhumar Corinne Vasko, yanzu maganar rai ce. Ta amsa komai gaban shaidu biyu, da sa hannunta."

Ya ajiye wayar a hankali, ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ta.

"Kaminski sunan mijinta na biyu ne, 'yata. Yau da asuba uwata ta cika."