Kwalin Mista Halvorsen

Tun kafin a rantsar da sabon shugaban ƙasa Merle Halvorsen ya tanadi kwalinsa. Kwalin tuffa ne mai ƙwari da ya roƙo a kantin unguwa. Ya jera hoton matarsa da kofinsa da takardun shaidar karatunsa a ciki, ya ajiye shi a bakin ƙofar ofis.

Shi ne babban mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a wata jiha can arewa, daf da iyakar Kanada, kuma tsohon shugaba ne ya naɗa shi. Kowa ya san abin da ke biye: sabo in ya hau, yakan share na tsoho. Darajar tana wajen fita. Mutum ya sauko matakala rungume da kwali, fuska a ɗaure, ana ɗaukarsa hoto.

A makon farko aka fara kora. Kullum da yamma yana kallon abokan aikinsa a talabijin, kowa da kwalinsa. Wata daga kudu har hawaye ta yi, washegari aka ba ta shiri nata na kanta a talabijin. Shi kuwa shiru.

Abin ya ɗaure masa kai, don a ganinsa ba wanda ya fi shi cancantar kora. Shi ne fa ranar da ya kama aiki ya kafa wa sakatariyarsa, Doreen, doka: kada ta haɗa shi da kowa daga fadar shugaban ƙasa, ko wane ne, ko ta yaya, domin shari'a daban, siyasa daban. Har lambar yabo aka ba shi a kan haka. Doreen kuwa ba ta taɓa karya doka ba, ko da dokar ajiye mota ce.

A coci mutane suka fara gaishe shi daga nesa. Maƙwabcin da ke zuwa da motarsa ya share masa dusar ƙanƙara ya koma tsayawa daidai kan iyakar gidajensu.

"Merle, faɗa mini gaskiya," in ji matarsa Jolene. "Ka yi wata magana da su ne a ɓoye?"

"Ko gaisawa ba mu yi ba."

"To me ya sa aka kori kowa aka bar ka? Ƙanwata ta tambaye ni, na ce mata hanya ce ba kyau."

Sai ga labarin cewa korarru za su yi liyafa a Chicago. Ya kira wani tsohon abokinsa a cikinsu don ya ji inda za a sauka. Abokin ya yi gyaran murya. "Ta waɗanda aka kora ce, Merle. Ka gane ai."

Ya shiga neman rigima. Ya ƙi rataya hoton sabon shugaba, ya sa kalandar masu sayar da tarakta a kan ƙusar. Ya yi wa jaridar garin zazzafar hira, suka buga ta a ƙarƙashin farashin shanu. Ba wanda ya tanka.

Mutum ɗaya ne ke sauraronsa. Wani dogo ne mai sanyin hali, sunansa Lyle, da ke zuwa ɗakin jira kullum da safe ya zauna har a tashi. Doreen ta ce ba ya cikin waɗanda za su ga mai gida. A ƙarƙashin kujerarsa akwai kwali, da hoton iyali da tukunyar fure a ciki. Halvorsen yana ganin kwalin ya gane: an kori bawan Allah daga wani wuri, ya zo neman haƙƙinsa. Sai ya ji wani abu kamar hassada.

"Kai ka huta," ya ce masa wata safiya, yana zuba masa kofi. "Aƙalla ka san matsayinka."

"To, ba haka ba ne sosai, yallaɓai. Ni dama..."

"Kada ka ji kunya, abin alfahari ne."

"To. Ba gaggawa. Ka gama abin da ke gabanka."

Suka saba. Lyle yakan zo da cincin ɗin matarsa. Ya gyara ƙafar teburin ɗakin jira. Wani lokaci yakan leƙa ofishin daga nesa ya tambaya ko tagar na samun rana da safe, saboda furen ya fara yaushi.

"Duk ɗan amshin shatan da za su turo ya gaje ni," in ji Halvorsen, "ina so in ga idonsa. Mutanen da ba su da ko ladabin korar mutum!"

Lyle ya sunkuyar da kai, ya zuba wa furen sauran ruwan kofinsa.

Ana gobe liyafa, Jolene ta ce in ba a kore shi ba a wannan makon za ta tafi gidan ƙanwarta ta ɗan huta. Halvorsen ya shigo ofis, ya daɗe yana kallon lambar yabonsa. Daga nan ya fito.

"Doreen, na janye dokar nan. In fada ta kira, ki haɗa ni. Zan tambaye su laifin da na yi."

"Ai sun gaji da kira tuntuni, Mista Halvorsen," ta ce, ba ta ɗago daga aikinta ba. Sai ta juya wajen ɗakin jira. "Kana iya shiga yanzu."

Lyle ya miƙe, ya ɗauki kwalinsa, ya goge takalmansa da kyau a kan tabarmar ƙofa.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai," ya ce. "Kai aka fara kora, tun ranar rantsuwa. Ni aka turo in gaya maka in karɓi ofis, sai na ga kana ta fama da aiki, ban so in katse ka ba."